Injin Buga Ƙarfe Da Tsofaffin Motocinmu: Ina Rabon 'Yan Kasuwar Zango?

Duk wanda ke fatauci tsakanin arewa da bakin teku ya san cewa rabin ribarsa na ƙarƙashin motar da ta ɗauko masa kaya. Albasar da ake kasawa a Kasuwar Malam Atta, da tumatir da doya da wake da matan Nima da Maamobi ke sammakon saye, babu wanda ya zo Accra da ƙafarsa. Manyan motoci ne ke ɗauko su daga Galmi da Madawa, ko daga Burkina Faso da arewacin Ghana, su kwana su tashi a hanya kafin su sauke. Idan wani ɗan ƙarfe da bai kai tafin hannu ba ya karye tsakanin Paga da Kumasi, to mota ta kwanta ke nan, direba da yaransa su shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinta, albasa kuma ta fara tsiro ko ruɓewa a cikin buhu, alhali mai kaya na can yana lissafin bashin da ya ciwo.

Ba boyayyen abu ba ne cewa akasarin motocin da arzikinmu ya rataya a kansu sun tsufa. Mercedes-Benz 207 da aka daɗe ana yin tirotiro da ita a Accra, kamfanin ya ƙera irinta ne daga 1977 zuwa 1995. Babbar motar nan mai gajeren hanci da aka fi sani da 911 ita ma an daina yin ta tun a shekarun 1990. Peugeot 504 ta fito a 1968, kamfanin haɗa motoci na Kaduna da ya fara aiki a 1975 ya ci gaba da haɗa ta har tsakiyar shekarun 2000, kuma har gobe ana ganin a-kori-kurarta na jigilar kaya a kasuwannin kan iyaka irin su Illela da Jibiya da Maigatari da Birnin Ƙonni. Bedford kuwa an bar ƙera manyan motocinta tun 1986.

To, idan irin wannan mota ta nemi kayan gyara, kowa ya san wahalar da ke biyo baya. A zagaye Abossey Okai rumfa-rumfa, a buga waya Suame a Kumasi, a aika Ladipo a Legas ko Ƙofar Ruwa a Kano, amsar dai guda ce: babu, sai dai a jira kwantena. In an yi sa'a a sami na hannu, wanda ake kira tokumbo ko Beljiyam, shi ma ya sha jiki kamar wanda aka cire. Dalilin wannan ƙarancin a fili yake. Kamfani ba ya zuba ƙarfe sai da mazubi, mazubin kuwa tsada gare shi, ba ya biyan kuɗinsa sai an fitar da dubban kaya iri ɗaya. Da zarar masu neman wani abu sun ragu zuwa ɗari ko hamsin a shekara, sai kamfani ya rufe littafinsa, ya bar mu da walda da ɗaurin waya.

A kan wannan matsala ce wata fasaha ta shigo, wadda Turawa ke kira bugun 3D, mu kuma za mu iya ce mata buga ƙarfe da inji. Yadda take aiki ya fi kama da ginin tukunyar ƙasa fiye da ƙirar maƙeri. Da farko ana samun cikakken zanen abin da ake so a kwamfuta, tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa, ko dai a zana shi, ko a ɗauki siffar tsohon da wata na'ura mai haske. Daga nan injin ya shimfiɗa garin ƙarfe mai laushi kamar fulawa, kaurin shimfiɗar bai kai kashi 1 cikin 10 na milimita ba, sai hasken lesa ya bi ya narkar da garin daidai inda zane ya nuna. A sake shimfiɗa wani garin a kai, a sake narkarwa, haka-haka sau ɗaruruwa ko dubbai har abin ya tashi sukutum. Masana a wata cibiyar bincike ta Fraunhofer da ke Aachen a Jamus ne suka fito da wannan dabara a 1995. Babban abin lura shi ne, injin ba ya buƙatar mazubi, don haka guda ɗaya tak ma za a iya bugawa.

Manyan kamfanoni sun riga sun gwada, kuma sun ga amfaninta. A 2017 sashen manyan motoci na Mercedes-Benz ya ba da sanarwar cewa ya buga kayan gyara na ƙarfe na farko, wato murfin alminiyam na na'urar daidaita zafin ruwan inji, domin tsofaffin manyan motoci da Unimog waɗanda aka daina ƙerawa shekara kusan 15 kafin lokacin. A 2018 kamfanin Porsche, wanda ke da kayan gyaran tsofaffin motoci kimanin iri 52,000 a lissafinsa, ya bayyana cewa wani ƙarfen kuloci na motarsa samfurin 959 ya ƙare ƙaf, motar kuma guda 292 kacal aka taɓa yi. Maimakon sabon mazubi sai suka buga shi da garin ƙarfe, suka ɗora masa nauyin kusan tan 3 bai karye ba, suka haska cikinsa don neman ɓoyayyen rami, suka gwada shi a mota, sannan suka amince a sayar.

Abin tambaya a nan shi ne, don wa aka yi wannan wahala? A Turai da Amurka tsohuwar mota kayan ado ce ta masu hannu da shuni, ana goge ta a ajiye a gareji, a fito da ita ranar biki. A wajenmu kuwa tsohuwar mota ita ce gona, ita ce kanti, ita ke biyan kuɗin makarantar yara da kuɗin haya a Nima. Idan har za a kashe dukiya don kada motar ado ta mutu, to motar da ke ciyar da gida goma ta fi cancanta. Don haka muna ganin wannan zance namu ne fiye da kowa, kuma bai kamata mu ji shi a rediyo mu wuce kamar labarin zuwa duniyar wata ba.

To sai dai kuma, gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata. Injin buga ƙarfe ba abin da ƙungiyar 'yan kasuwa za ta yi karo-karo ta saya gobe ba ne. Ƙananansa suna farawa ne daga wajen dalar Amurka 100,000, manyan kuma suna haura dala miliyan 1. Garin ƙarfen sai an shigo da shi daga waje da kuɗin waje, ga shi da haɗari, domin garin alminiyam na iya kamawa da wuta, shaƙarsa kuma na illa ga huhu. Aikin na buƙatar iskar gas ta musamman da za ta kori iskar da muke shaƙa daga cikin injin, yana kuma buƙatar lantarki na awoyi masu yawa ba ƙiftawa, mu kuwa da muka ga dumsor a 2015 mun san abin da ake nufi. Bayan an gama bugawa sai an gasa abin a tanderu, a yanke shi daga farantin da aka gina shi a kai, a kai wa masu injin sassaƙa ƙarfe su daidaita. Duk wanda ya zo zango ya ce a kawo kuɗi zai sayo injin da zai riƙa fitar da kayan mota kamar injin fotokwafi, a yi hattara da shi.

Haka nan muna kwantar wa 'yan uwanmu masu sayar da kayan gyara hankali. Fulogi da boris da matatar mai da takalmin birki, da duk abin da ake saye kullum, masana'antun Sin da Indiya da Turkiyya da Nnewi za su ci gaba da yin su da arha fiye da kowane injin bugawa, domin su dubu-dubu suke fitarwa. Inda fasahar ke da amfani shi ne wurin da ɗan kasuwa ke ce wa mai saye babu. Ke nan cinikin da ake magana a kai ciniki ne da a yau yake wuce mu, ba wanda ke hannunmu ba.

Hanyar da muke ganin ta dace da aljihunmu tana nan kusa, kuma rabinta mun gaje ta. Tun a 2009 shahararren mai shirin talabijin ɗin nan na Amurka, Jay Leno, wanda ke tara tsofaffin motoci, ya bayyana yadda ya yi da wata motarsa ta 1907 mai aiki da tururi. Ya ɗauki siffar abin da ya lalace da na'ura, ya buga irinsa da roba, ya gwada ya ga ya zauna daidai, sannan aka yi na ƙarfe a kan wannan samfurin. Injin buga roba kuwa ya yi arha matuƙa tun da haƙƙin mallakar fasaharsa ya ƙare a 2009, a yau ana samun mai kyau da 'yan ɗaruruwan daloli. A nan maƙwabtanmu ma, a Lome, wani matashi mai suna Afate Gnikou ya haɗa irin wannan inji a 2013 a cibiyar WoeLab, da tarkacen tsofaffin kwamfutoci da aka zubar.

Ɗaya rabin kuma shi ne zubi, wanda ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. Maƙeran Asante sun yi ɗaruruwan shekaru suna sassaƙa siffa da kakin zuma, su lulluɓe ta da yumɓu, su narkar da kakin ya fita, su zuba tagulla a gurbinsa. Da haka suka yi ma'aunan zinariya, kuma har yanzu ana wannan sana'a a ƙauyen Krofofrom kusa da Kumasi. Masu tukunyar dalma a zangunanmu, da na Maraɗi da Kano, kullum suna danna samfuri a cikin yashi su zuba narkakken alminiyam. A Suame, cibiyar koyar da fasaha da jami'ar kimiyya ta Kumasi ta buɗe a 1980 ta taimaka wajen yaɗa zubin baƙin ƙarfe, har ya zama a can ake zuba faifan injin niƙa. Abin da waɗannan masu sana'a suka rasa shi ne samfuri mai daidaitaccen awo, shi ne kuwa abin da injin roba ke bayarwa. Ana iya danna samfurin robar a yashi, ana kuma iya lulluɓe shi a ƙone shi ya fita kamar kakin zuma. Murfin famfon ruwa, da gwiwar bututun lagireto, da mariƙin ƙofa, da ƙarfen da ke riƙe da janareton mota, da murfin giyabos, duk suna cikin abin da za a iya yi ta wannan hanya.

Amma aikin na son ilimi, a nan ne kuma matasanmu za su shigo. Na'urar ɗaukar siffa ba ta san abin da ya cinye ko ya tsage ba, yadda ta ga tsohon ƙarfe haka za ta kwafe shi da lahaninsa. Sai an sami yaron da ya iya zane a kwamfuta ya zauna da tsohon bakanike, wannan ya ce nan ramin ya buɗe, wancan ya mayar da shi awonsa na asali. Sai kuma an san cewa ƙarfe na tsukewa idan ya huce, alminiyam da fiye da kashi 1 cikin 100, don haka dole samfuri ya ɗan ɗara abin da ake so girma. Haka kuma ba kowane alminiyam ake narkarwa ba, gwangwanin lemo da ya yi tukunya ba zai yi kayan inji ba, gara tsofaffin fistin da kan inji waɗanda dama don zubi aka haɗa ƙarfensu. Nima da Maamobi cike suke da samari masu gyaran waya da kwamfuta waɗanda ba su da aikin kirki. Wata shida na horo zai iya mai da wasunsu masu sana'ar da babu irinta a unguwa.

Wannan ya kawo mu ga abin da muke ganin shi ne ƙashin bayan maganar. A wannan sabuwar sana'a, dukiyar ita ce zanen da ke cikin kwamfuta. Inji zai yi arha wata rana kamar yadda wayar hannu ta yi, amma ranar da ya iso, wanda ke riƙe da zane shi ne mai kasuwa. Kamfanonin waje sun gane haka, shi ya sa suke tara zanen kayansu a rumbun kwamfuta, kuma babu wanda zai ba mu kyauta. Sannan ba lallai su damu da motocin da mu muke hawa ba. Wani abin takaici shi ne, kullum 'yan gwangwan na sare tsofaffin motoci ana kai wa masana'antun Tema su narkar su yi rodi. Ba laifinsu ba ne, abincinsu suke nema. Amma duk motar da aka narkar ba tare da an ɗauki siffar muhimman kayanta ba, wani samfuri ne ya tafi har abada. Ko a 2021 da hukuma ta tashi kasuwar Agbogbloshie, ta mai da 'yan albasa Adjen Kotoku, tarkacen da aka kwashe a wurin ba kaɗan ba ne.

Ku da ke kasuwannin kan iyaka kun fi kowa sanin darajar abin da ba ya tsayawa a shinge. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, kaya suka yi ta lalacewa a Seme da Illela. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 an sake rufe iyakoki na watanni, a Janairun 2025 kuma Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ECOWAS. Duk da cewa sakatariyar yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka a nan Accra take, direba ya san yawan tsayawar da yake yi daga Aflao zuwa Legas. Zane kuwa ta WhatsApp yake tafiya. Wanda aka ɗauka a Maamobi da safe, kafin azahar mai zubi a Maraɗi ko Panteka ta Kaduna ya buɗe shi. Kakanninmu sun haɗa Kano da Salaga da amana da fataucin goro, babu dalilin da zai hana jikokinsu haɗa garuruwan nan da musayar zane.

Sai dai akwai iyaka guda biyu da bai kamata a tsallake ba. Ta farko ita ce rai. Duk abin da ya shafi birki da sitiyari da ƙafar mota, kada wanda ya kuskura ya zuba shi a bayan gida ya ɗaura wa motar da ke ɗaukar mutane. Ƙarfen zubi na iya yin kyau a ido alhali cikinsa akwai kumfa, ranar da zai ba da kunya kuwa a gangare ne da lodi. Idan Porsche da duk injiniyoyinsa sai da ya gwada ɗan ƙarfen kuloci da nauyin tan 3, to mu ba mu da hujjar yin ganganci. Irin waɗannan kaya sai an kai su ɗakin gwaji na jami'a ko na Hukumar Kula da Ingancin Kaya ta Ghana. Ta biyu ita ce gaskiya a ciniki. Haƙƙin mallakar ƙirƙira yakan ƙare ne bayan shekara 20, don haka yawancin kayan motar 1980 sun fita daga wannan ƙangi, amma suna da tambarin kamfani suna nan daram. Wanda ya zuba abu a Nima ya buga masa tambarin Mercedes-Benz ya yi jabu, ya ci haram, ya kuma jawo wa sana'ar baƙin jini. A buga sunan mai zubi da lambar wayarsa a jiki, domin in ya yi kyau a dawo, in ya ɓaci a san wanda za a tambaya.

Mun san akwai masu cewa a bar tsofaffin motocin nan su mutu kawai, tunda hayaƙinsu da haɗarinsu sun yi yawa. Maganarsu na da ƙamshin gaskiya. Majalisar dokokin Ghana ta yi doka a 2020 don hana shigo da motocin da suka haura shekara 10 da waɗanda suka yi haɗari, ko da yake gwamnati ta jingine aiwatar da ita a wancan lokaci bayan koke-koken dillalai. Volkswagen ya fara haɗa motoci a Accra a 2020, Toyota kuma a Tema a 2021. Muna maraba da wannan. Amma a tambayi mai motar albasa da wane kuɗi zai sayi sabuwa, a ƙasar da hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin 100 a Disambar 2022, kuɗin ruwan babban banki kuma ya kai kashi 30 a 2023. Kafin sabuwar ta zo, tsohuwar ce a kan titi, kuma tsohuwar mota mai kayan gyara daidai da awo ta fi wadda aka ɗaure da waya aminci ga kowa.

Saboda haka muna kira ga shugabannin 'yan kasuwa na Malam Atta da Nima, da ƙungiyoyin direbobi da kanikawa, da sarakunan zango, da su zauna su fara da abin da ke cikin ikonsu. Da farko kowane gareji da kowace rumfa su buɗe littafi, duk abin da aka nema aka rasa a rubuta sunansa da irin motar. Cikin wata uku za a ga abubuwa 20 ko 30 da suka fi wahalar da mutane. Na biyu, a yi magana da 'yan gwangwan su riƙa ware waɗannan kaya kafin su sare mota, a biya su fiye da kuɗin kilo. Na uku, a yi adashi a sayi na'urar ɗaukar siffa da injin roba da kwamfuta guda, a ajiye su da sunan ƙungiya, a rubuta a takarda cewa zanen da aka tara mallakar ƙungiya ne, don kada gobe wani ya kwashe ya gudu. Na huɗu, a nemi Jami'ar Fasaha ta Accra, da jami'ar Kumasi, da gidauniyar GRATIS ta Tema wadda aka kafa tun 1987 don irin wannan aiki, su horar da yaranmu su kuma gwada abin da aka zuba. Asusun raya zango da majalisa ta yi wa doka a 2017, da 'yan majalisar mazaɓun Ayawaso, su ma ga wurin da kuɗinsu zai bar abin da za a daɗe ana mora. Babban injin buga ƙarfe kuwa, idan lokacinsa ya yi, jami'a ko gwamnati ce ya kamata ta saya ta ajiye a Suame ko Tema, kowa ya kai zanensa ya biya a buga masa.

Masu iya magana sun ce da rarrafe yaro kan tashi. Idan muka fara tara zane tun yanzu, ranar da injin ya iso zai tarar da mu da jari a hannu. Idan kuwa muka yi sakaci, za mu wayi gari muna biyan kuɗin waje kafin a ba mu izinin buga murfin famfon motar da muka shekara 30 muna gyarawa da hannunmu. Allah Ya ba shugabanninmu ikon duba wannan magana da idon basira, Ya kiyaye direbobinmu a kan hanya, Ya sa albarka a kasuwanninmu, amin.